Zakari Bai Kai Gindin Aduwa Ba

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Kasken jin sauti, na sawa a kunne, da na aika a sawo mani daga Maraɗi ya iso da motar safe. Elhaji Badaru ya naɗe shi cikin tsohon zane kamar jariri. Irin mai buɗaɗɗen baya ne, raga ce a bayan kunnuwanshi, shi ya sa na raɗa mashi Mai-raga. Na daɗe ina kallon irinshi cikin salula ina haɗiyar miyau.

Ban ji daɗinshi ba.

Bari in rubuta yadda nake gwada kaske, don in wata rana aka ce Isufu mai studiyo ya yi wa Elhaji ƙazafi, a san ba da ka na yi magana ba. Ni ba dukan ƙirjin nan da samari ke so nake bi ba. Fili nake aunawa. Wani kasken yakan cusa maka makaɗa duka tsakiyar kai, kamar an tara kaji a akurki. Wani kuwa ya buɗe, ka ji mai kalangu can, ƴan amshi can, har ka waiga ka ga ko wani ya shigo. Wannan faɗin shi ne darajar kaske.

Ma'aunina rijiyar garinmu ce, Rumbu. Tun Baba na da rai na ɗauki sautinta. Na sami duma daidai girman kan mutum, na huda shi gefe biyu, na cusa mikoro mai ɗaukar sauti a kowace huda inda kunne zai zauna, na kafa shi bisa sanda a bakin rijiya. Mutane suka yi ta dariya, wai ɗan Malam ya fara bori. Ba a lakol na koyi wannan ba, ni da karatun bokona ya tsaya a ajin katriyem.

A cikin ɗaukar, shanu na shan ruwa ta dama. Baba na tsakiya, yana jiran guga. Ƙanena Zakari na jan raƙumi ta hagu, igiya na bin su. Rijiyar mai zurfi ce, sai ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito, yana tafe yana yi wa raƙumin waƙar banza. In kaske ba ya da kyau, Zakari na manne a kunnenka. Mai dama-dama ya kai shi bakin shinge. Tsohon kaskena, wanda na ɗaɗɗaure da roba, shi yakan kai shi har gindin aduwa.

Mai-raga bai kai shi ko'ina ba. Shanu na nan. Baba na nan, amma ya jirkice ya koma cikin shanu. Zakari kamar an kifa mashi ƙwarya.

Jabu ne. Gobe Elhaji zai ji ni.

Shekaranjiya na dawo daga Rumbu. Ba abin rubutawa.

Litinin, bayan magariba

Akwai gyare a ɗakin nan. Matata Ramla ta ɗaga tabarma, ta jawo akwati, ta ce ita ba ta jin komi. Mata.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Na kira Elhaji. Da fari muryarshi ba ta fita, sai da na mai da salular ɗaya kunnen. Rezon salula a garin nan sai addu'a.

"Isufu sarkin kunne! Kaya sun iso?"

"Sun iso, Elhaji. Mi na yi maka? Kwalin na ƙwarai, hanjin jabu."

"Subhanallahi. Da kaina na gwada shi. Na sa karatu, na ji kamar ina zaune cikin Harami."

"Elhaji, kai ka san atamfa da batir. Kunne ka bar mani. Kai da ba ka raba kukan jaki da algaita."

"To ai jakin ya fi riƙe numfashi," in ji shi, yana ta ƙyaƙyatawa.

"Ɓangaren hagu ya mutu rabi."

"Maido shi, ba faɗa. Amma don Allah ka daina yi mani ihu, ba a gona nake ba."

Ban yi ihu ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Kafin in mai da shi na jera su uku bisa tebur: Mai-raga, da Baƙi, mai rufaffen baya wanda nake sa wa mawaƙa, da Tsoho. Na sa rijiya.

Baƙi dama ɗaki ne, ba fili ba, ban zarge shi ba. Amma Tsoho! Tsohon da bai taɓa ba ni kunya ba. Shi ma ya tsaya a bakin rijiya ya ƙi motsi.

Ke nan ba kaske ba ne, waya ce. Na sake waya. Ke nan akwatin sauti ne. Na buɗe shi, na hure ƙura, na mayar. Ke nan kuran ne, tunda zafin nan ya shigo wuta ke zuwa tana rawa kamar fitilar aci-balbal. Na tada grup, injin wuta. Haka dai.

Zafi ke buɗa ƙarfe. Kowa ya san wannan.

Da na koma gida na tarar Ramla ta wanke hular da na je Rumbu da ita, ta ɗora ta bisa akwati. "Tokar ta fita," ta ce. Ban tambaye ta ba, ba ta tambaye ni ba. Matar Zakari ƙawarta ce, don haka ta sani.

Akwai gwaji guda da ban yi ba. Ba ya da amfani.

Jumma'a, 9 ga Mayu, bayan saukowa masallaci

Sahun Jumma'a shi ne fili mafi faɗi a Dakoro. Kullum tsakiya nake nema saboda amin. Liman na kai ƙarshen Fatiha sai ka ji ta taso dama da hagu kamar ruwan farko bisa kwano. Allah ya yafe mani, sau da yawa na yi kwaɗayin kafa dumana a wurin.

Yau daga dama kaɗai ta taso. Da na yi sallama ta hagu na duba, mutane maƙil har bakin hanya.

Mutanen yanzu ba su buɗe baki wajen amin.

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

Aiki ya zo, alhamdulillahi. Intalla, mutumin Azagor mai motar kat-kat ɗin nan ja, ya kawo matan tende na zuriyarsu. Turmi ne suke rufewa da fata su kaɗa, sauran su zauna rabin da'ira suna tafi, wata dattijuwa, Hamsatu, na ba da waƙa. Zai aurar da ɗiyarshi, ƙanenshi kuwa na Libiya ba ya iya zuwa.

"Abin da nake so, maigida," in ji shi, "in ya sa abin nan a kunne, ya ji shi zaune tsakiyarsu. Ya ji Hamsatu gabanshi, ya ji uwarmu nan, ya ji gwaggonmu can. An ce duk arewa kai kaɗai ka iya."

"Ba a yi maka ƙarya ba," na ce.

Studiyo ba ta ɗaukarsu, sai muka yi a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro. Na kafa duma. Suka rufe baki da mayafi suna dariya, ɗaya ta ce a sa mashi rawani tunda namiji ne zai zauna cikin mata.

Na dama sun yi tafi kamar ana sussuka. Na hagu kamar masu korar ƙuda. Na tsayar, na ce su ƙara. Na sake tsayarwa. A ta uku uwar Intalla, wadda ke can ƙarshen hagu, ta ɗaga mani tafin hannunta, sun yi jawur, ta faɗi wata magana da harshensu, duk suka fashe. Intalla ya ce wai in ƙarfi nake so in kawo mata taɓarya.

Wai kuma ya yi mani tayin shayi har ya gaji ban waiga ba. Hankalina na kan aiki.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Zakari ya kira. Na bar salular tana kuka har ta yi shiru.

Lahadi, bayan azahar

Ni da batirin mota guda na fara, ƙarƙashin rumfa a tasha, ina caja wa matafiya salula ina zuba masu waƙoƙi a kartin salula. Ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Yau radiyo na aiko mani talla, ƴan Ajekoriya na tahowa da angwayensu. Shi Zakari yana nan inda na bar shi, bayan wutsiyar raƙumi.

Abin da na faɗa gaban mutane gaskiya ne. Bai kamata Inna ta ƙare kwananta cikin ɗakin kara ba alhali ɗanta na da gidan siminti. Ko da na ɗora wata kalma bisa kai, ai ni ne babba. Ni na goya shi zuwa gona.

Da hannun da na koya wa riƙon hauya ya mare ni.

Ba zan sake rubuta wannan ba.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Na wuni kan tenden Intalla. Na hagu sun nutse, kamar yadda na faɗa masu. Na ɗaga su. Na ƙara ɗagawa. Na jawo Hamsatu ta wajensu har ta dawo tsakiyar goshina inda ya kamata ta zauna. Fitilun ordinatar, kwamfutar aikina, na ɓangaren hagu sun yi ja suna ta ƙiftawa.

Ido na cewa ya wuce, kunne na cewa bai kai ba. Da kunne na gina gidan nan, ba da ido ba.

Na tura mashi.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Wajen alwala na fyace hanci, na ji iska ta fita ta inda ba hanyarta ba, da ɗan fito siriri. Na narka man shanu a cokali na ɗiga a kunnen hagu, kamar yadda Inna ke yi mamu muna yara. Zafin garin nan ke busar da komi.

Na ga taurari da rana tsaka.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Matashin kai ya ɓaci ta inda na aza kunne. Na juya shi. Gyaren ya samo ƴan uwa.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan azahar

Intalla ya dawo. Bai shigo da faɗa ba, da ma ya yi faɗan. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa irin tasu, iyali, zafi, gajiya, sannan ya ce in zo mu zauna cikin motarshi. Ya kunna.

"Maigida, ka ji?"

"Na ji. Lafiya lau."

"Hamsatu ta ce ka kwashe su duka ka jibge gefe guda, kamar kayan jaki da suka karkace. Ƙanena ya kira, ya ce tafin uwarmu ya kusa fasa mashi kunne, gwaggonmu kuwa kamar ta rasu ba a gaya mashi ba."

"Bafil ɗin motarka ne ke ɓata sauti. Kasken ƙanenka kuma na bakin titi ne."

Ya gyara rawani. Ya dube ni ta tsakanin rawanin nan, ido kaɗai, ba ka san ko dariya yake ko tausayi ba.

"Raƙumi in ya fara bin gefe guda," ya ce, "ba sirdi muke fara dubawa ba."

Na ce ni ba raƙumi ba ne, kuma in aikina bai yi mashi ba, Maraɗi ba nisa. Na fita na bugo ƙofar. Masu shayi na bakin butik ɗin studiyona duk suna kallo. Kafin magariba labari zai kai tasha: sarkin kunne ya karkatar da amarya.

Biki saura kwana kaɗan.

Litinin, 19 ga Mayu, da hantsi

Butik a rufe. Masu tambaya an gaya masu matsalar kuran ce.

Litinin, bayan la'asar

Kura ta ɗingishe ba ta fasa zama kura ba. Amma mai auna fili da...

A'a.

Talata, 20 ga Mayu, bayan magariba

Ramla ta kawo tuwo. Ƙofar ɗaki na hagu da inda nake zama, amma sai ta bi ta bayana, ta tsallake buta, ta zagayo dama ta durƙusa. Sai yau na lura. Radiyo ma ta koma dama. Ɗiyata Sharifa in za ta gaishe ni da safe, uwarta kan juya ta da kafaɗa kamar mai gyara tulu.

"Wannan zagaye-zagayen na mi ne ne? Ɗawafi kike?"

"Baban Sharifa, tun ranar da ka dawo nake zagayowa."

"Wa ya ce maki akwai abin da ya same ni?"

"Matashin kai. Ni ke wanke shi, ko an juya."

Na ture kwano. Na ce in ta ga wani abu, mi ya hana ta faɗi tun farko, ta bar ni ina zagin Elhaji, ina wahalar da tsofaffin mutane?

"Na faɗa," ta ce. "Sau nawa. Na ce ka je asibiti, na ce kada ka sa mai."

"Yaushe?"

"Ta hagu na faɗa. Ta dama ban da ƙarfin hali."

Na so in yi faɗa, dariya ta zo, amma ba ta daɗe ba. Na tashi na fita tsakar gida.

Da na dawo ta ce ta gaya wa matar Zakari. Na ce ba da yawuna ba. Ta ce ta sani.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Na buɗe studiyo ta ƙofar baya, na kulle kaina.

Gwajin nan ni na koya wa rabin masu gyaran radiyon garin nan. In mutum ya kawo kaske ya ce gefe guda ya mutu, kafin ka taɓa waya, juya mashi shi, na dama ya koma hagu. In mutuwar ta bi kaske, kaske ne. In ta tsaya inda take, ka ba shi haƙuri, ka nuna mashi hanyar asibiti. Na sha yi wa tsofaffi haka ina dariya a ciki.

Na ɗauki Mai-raga, na juya shi, na sa rijiya.

Zakari ya fito tangaran. Waƙar banzan nan tashi, takun raƙumi cikin rairayi, kukan igiya bisa ice. Har da wani abu da Tsoho bai taɓa nuna mani ba: can wajen ƙarshe yana ce wa raƙumin, "Yi a hankali, kada ka ɓata wa Yaya aiki."

Shanu suka ɓace.

Na ji shi, amma ban san inda yake ba. Bai tafi shinge ba, bai tafi aduwa ba, yana nan tsaye a kunnena guda. Kunne ɗaya na jin magana. Ba ya auna fili.

Na cire na aje. Na daɗe ina kallon duman bisa sandarshi, da hudojinshi biyu lafiyayyu.

Jumma'a, 23 ga Mayu, da yamma

Na kira Elhaji na ce kasken zai zauna.

"Jabun ya warke?"

"Ya warke."

"Allah mai iko. Wane malami ya yi mashi tofi?"

Na kashe. Na kira Intalla na ce ya taho Lahadi da kunnuwanshi, ni in kawo ido da hannu, mu daidaita kayan jakin kafin biki. Ya ce insha Allahu, bai ƙara komi ba. Mutumin kirki ne. Abin haushi.

A masallaci ƙarshen sahu na tsaya, bango na hagu da ni.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan azahar

Ban ji sallamarshi ba. Inuwa na gani ta faɗo bisa tebur, da ƙafafun nan masu faso. Zakari.

Bencin baƙi na hagu da kujerata. Can ya zauna. Ban dube shi ba, na kafa ido ga ordinatar kamar mai aiki, alhali ba abin da ke buɗe. Ta wutsiyar ido ina ganin gemunshi na motsi. Ya daɗe yana motsi. Ya tsaya, ya share fuska da bakin rawani, ya ci gaba. Abin da ke iso mani kamar mutum na magana cikin rijiya ne, gyare na bisa kai.

Na ce a raina, ga sauƙi ya zo. Ya faɗa, ban ji ba. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yafe, kowa ya riƙe girmanshi. In bar shi ya gama ya tafi.

Ya gama. Ya jira. Ya miƙe ya sa takalmi.

"Zakari."

Ya tsaya.

"Ɗauko bencin ka zagayo nan. Waccan ƙofar da hannunka ka rufe ta."

Ya dube ni, ya dubi hannunshi. Ya ɗauko bencin, ya buge tebur da shi, ya kusa kayar da duma.

"Sake faɗi tun daga farko," na ce. "Kada ka rage komi."

"Duka, Yaya?"

"Ai ba ka rage ba ranar nan."

Ya faɗa. Ba zan rubuta ba, nawa ne. Ni ma na faɗi kalma biyu, su ma ba na takarda ba ne. Maganar Inna mun bar ta sai ita ta zaɓa, abin da ba wanda ya tuna ya tambaye ta.

Litinin za mu Maraɗi, akwai lokotoron kunne. Zakari ya ce shi zai riƙa jin abin da aka ce. An ce wani ramin cikin kunne kan rufe da kanshi, wani ba ya rufewa. Man shanun ma sai na faɗa masu. Allah ya sa kada su yi dariya gaban ƙanena.

Kafin ya tafi na ce ya ara mani abu guda. Na zaunar da shi kujerata, na sa mashi Mai-raga daidai, dama a dama, hagu a hagu. Bai taɓa jin ɗaukar ba, yana cikin masu cewa bori ne. Na kunna.

Da Baba ya ce "Ja, ja, ya kusa," sai Zakari ya dafe gefen tebur da hannu biyu.

"Bar Baba tukuna," na ce. "Bi kanka. Ina ka kai?"

Ya rufe ido. Ya miƙa hannun hagu sannu a hankali.

"Shinge."

"Ci gaba."

"Aduwa, Yaya."

"Nan ne iyaka."

"A'a. Na wuce. Wallahi na wuce, ina wajen tsohon suri."

Ashe Elhaji bai cuce ni ba.

Ni ban ji ba. Amma na ga ya waiga.